Littafi da Bawa a Hanyar Sahara: Muhawarar Malaman Tambutu, Kano da Sakkwato kan Addini, Launin Fata da Mulki

Shekaru aru-aru kafin zuwan Turawan mulkin mallaka, ayarin raƙuman da ke ratsa hamadar Sahara tsakanin Arewacin Afirka da yankin da Larabawa suka kira Biladus Sudan, wato ƙasashen baƙar fata da ke kudu da hamadar, sun riƙa sauke gishiri da tufafi da dawaki da takarda da littattafai a kasuwannin Tambutu da Gawo da Agadas da Katsina da Kano da Birnin Gazargamu, sa'an nan su juya arewa ɗauke da zinariya da fatu da hauren giwa da kuma mutanen da aka kama aka sayar a matsayin bayi. Kasancewar hanya ɗaya ce ke kawo littafi tana kuma fitar da bawa, malaman da suka karanta waɗannan littattafai ba su sami damar kau da kai daga tambayoyi uku da suka dabaibaye rayuwar jama'arsu ba, wato wane ne Musulmi, wane ne shari'a ta hana a bautar, kuma wane ne ya cancanci a yi masa biyayya a matsayin sarki. Tarihin fataucin littattafai a wannan yanki tarihi ne na yadda aka yi ta amsa waɗannan tambayoyi, kuma duk wanda ya bi diddiginsa zai ga cewa kowace amsa da aka bayar ta warware wata matsala ta kuma haifi wata, har zuwa lokacin da Turawa suka iso da nasu littattafan da nasu ma'aunin na rarrabe mutane.

Shigowar littattafai da sana'ar kwafarsu

Littafin Tarihin Kano, wanda ya jero sarakunan birnin tun daga Bagauda, ya ɗauki isowar sabon littafi a matsayin al'amarin da ya cancanci a rubuta shi kafaɗa da kafaɗa da labarin yaƙi da na ginin ganuwa. Ya nuna cewa a zamanin Sarki Yaji (1349–1385) Wangarawa, wato malamai da fatake masu asali daga Mali, suka iso da salla da limanci da alƙalanci, kuma a zamanin Sarki Yakubu (1452–1463) Fulani suka zo daga Mali da littattafan tauhidi da na ilimin harshen Larabci, alhali kafin nan abin da ke hannun malaman gari bai wuce Alƙur'ani da littattafan fiƙihu da hadisi ba. A zamanin Muhammadu Kisoki (1509–1565) kuwa, tarihin ya ambaci shigowar Ashafa ta Alƙali Iyal da Mudawwana, wadda ita ce babbar taskar fiƙihun mazhabar Malikiyya. A Tambutu ma haka lamarin yake, domin matafiyi al-Hasan al-Wazzan, wanda Turawa suka sani da suna Leo Africanus, ya ziyarci birnin a farkon ƙarni na 16 ya kuma ba da labarin cewa ribar da ake samu a cinikin littattafan da ake kawowa daga Magrib ta zarce ta sauran haja, kuma littafin Tarikh al-Fattash ya ambaci cewa Askiya Dawud, sarkin Songhai, ya ajiye masu kwafar littattafai a fadarsa, har ya taɓa sayen ƙamus na Larabci a kan miskali 80 na zinariya, miskali kuwa ma'auni ne da ya ɗan haura giram huɗu.

Tsadar littafi ita ta haifar da sana'ar kwafa, wadda ta ciyar da ɗalibai masu kyan hannu tsawon ƙarnoni. Takardar da suke rubutu a kanta daga ƙetare take zuwa, kuma a ƙarni na 18 da na 19 mafi yawanta daga masana'antun arewacin Italiya take fitowa, ɗauke da tambarin jinjirin wata uku da ake gani idan an ɗaga ta ga haske, ta biyo ta Tarabulus ko Alƙahira kafin ta iso Kano. Alƙalamin na kara ne, tawadar kuma ana haɗa ta da 'ya'yan bagaruwa da ƙaro, a keɓe jar tawada domin wasula da kanun babi, sa'an nan a bar warƙoƙin ba tare da ɗinki ba, a rubuta kalmar farko ta warƙa mai zuwa a ƙasan wadda ta gabata domin kada jerin ya rikice, a haɗe su cikin tadarishi, wato bango mai ƙarfi da ake ɗaurewa da igiyar fata, a kuma adana su cikin gafaka. Rashin ɗinkin ya sauƙaƙa wa malami ya raba warƙoƙin littafi ɗaya ga ɗalibai da yawa a lokaci guda, ya kuma sauƙaƙa aro, wanda shi ne babbar hanyar yaɗuwar ilimi ga wanda ba shi da halin saye. An shaidi Muhammad Baghayogho (1523–1594), malamin Wangarawa na Tambutu, da cewa yakan ba da aron littattafansa mafi daraja ga ɗalibin da bai ma san shi ba, kuma ba ya bin sawunsu.

Tare da sana'ar kwafa aka sami al'adar da har yau take raye a zaurukan malamai, wato malami ne ke zaɓa wa ɗalibi littafin da zai karanta da kuma wanda zai bi bayansa. Wanda ya sauke Alƙur'ani yakan fara da ƙananan littattafan ibada irin su Ahalari da Ishmawi da Iziyya, ya haura zuwa Risala ta Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, ya kai ga Muhtasar na Halil, yana haɗawa da Ajurrumiyya a nahawu, da Muwaɗɗa ta Imam Malik a hadisi, da Jalalaini a tafsiri, kuma idan ya ƙware malamin ya ba shi ijaza, wato shaidar izinin karantarwa wadda ke jero sunayen malaman da littafin ya biyo ta hannunsu har zuwa mawallafinsa. Muhimmin abin lura shi ne cewa littattafan fiƙihun da ke cikin wannan jeri ba su tsaya ga tsarki da salla ba, domin suna ɗauke da babin ciniki da babin jihadi da babin 'yanta bayi da babin shaida a gaban alƙali, saboda haka duk wanda ya kammala su ya riga ya mallaki ma'aunin da zai auna aikin fatake da na sarakuna.

Littafi a fada

Sarakuna sun gane wannan ƙarfi tun da wuri, shi ya sa suka nemi malamai su rubuta musu. Lokacin da Shaihu Muhammad bin Abdulkarim al-Magili, malamin Tilimsan wanda ya zauna a Tuwat, ya iso Kano wajen shekarar 1492, ya rubuta wa Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499) risala kan wajiban sarki, wadda ta yi magana kan shawara da adalci da taskar jama'a da tsare haƙƙin raunana. Daga nan ya wuce Gawo, inda Askiya Muhammad, wanda ya ƙwace mulkin Songhai a 1493, ya gabatar masa da tambayoyi kan matsayin Sunni Ali da ya gabace shi da kuma jama'ar da ke furta kalmar shahada amma ba su rabu da tsafi ba. Amsar Magili ta kafa wani rukuni da ya daɗe yana aiki a siyasar yankin, wato masu gauraya Musulunci da ayyukan kafirci, ta kuma halatta yaƙar sarkin da ya kasance haka, kuma wannan amsa ta ba Askiya hujjar shari'a a kan juyin mulkin da ya riga ya yi.

Tun kafin zuwan Magili da kimanin shekara ɗari, wata takarda ta riga ta nuna cewa shiga Musulunci bai tsare baƙar fata daga hannun masu farautar mutane ba. Wajen shekarar 1391 Mai Usman bin Idris na Borno ya aika wa Sarki Barƙuƙ na Masar wasiƙa yana kukan cewa Larabawan ƙabilar Juzam suna kai hari a ƙasarsa suna kama 'ya'ya Musulmi, har da dangin sarauta, suna sayarwa a kasuwannin Masar da Sham, yana kuma neman a bincika a saki duk wanda aka samu. Marubucin fadar Masar al-Ƙalƙashandi ya adana wannan wasiƙa cikin littafinsa Subh al-A'sha, kuma shaida ce a rubuce cewa wani sarkin wannan yanki ya kafa hujja da shari'a domin kare jama'arsa daga 'yan'uwansu a addini.

Ahmad Baba da fatawar 1615

Malamin da ya fi kowa fuskantar wannan matsala gaba da gaba shi ne Ahmad Baba na Tambutu (1556–1627), ɗan gidan Aƙit, zuriyar Sanhaja da ta daɗe tana riƙe da alƙalancin birnin, kuma kakansa ya taɓa karantarwa a Kano a kan hanyarsa ta dawowa daga aikin hajji. A 1591 Sarkin Maroko Ahmad al-Mansur, wanda ke da'awar halifanci yana kuma kwaɗayin zinariyar kudu da gishirin Tagaza, ya turo runduna mai bindigogi ƙarƙashin Judar Basha, ta karya mayaƙan Songhai a Tondibi, kuma da malaman Tambutu suka ƙi sakin jiki da sabon mulkin sai aka kama manyansu a 1593, aka washe gidajensu, aka kai su Marakish cikin mari a shekarar da ta biyo baya. Ahmad Baba ya rasa littattafai 1,600 a wannan wasoso, kuma an ruwaito yana cewa taskarsa tana cikin ƙananan taskokin danginsa. Bayan an sake shi daga kurkuku a 1596 an hana shi komawa gida, sai ya zauna yana karantarwa a Marakish, inda alƙalai da muftai suka riƙa halartar darasinsa, kuma a nan ya kammala Nayl al-Ibtihaj, kundin tarihin malaman Malikiyya wanda ya shigar da malaman ƙasarsa cikin jerin na Fas da Ƙairawan da Alƙahira. Bai sake ganin Tambutu ba sai a 1608.

A 1615 mutanen Tuwat, zangon da bayin da ake fitarwa daga kudu ke bi kafin su isa kasuwannin Magrib, suka aiko masa da tambayoyi, ya kuma amsa su cikin risalar da ake kira Mi'raj al-Su'ud. Abin da ke damun masu tambayar shi ne ko ya halatta a sayi bawan da aka kawo daga Borno ko Kano ko Katsina ko Gawo, ko an ci waɗannan ƙasashe da yaƙi ne tun suna kafirci ta yadda bautar za ta bi zuriyarsu, da kuma ko gaskiya ne cewa baƙar fata zuriyar Ham ɗan Annabi Nuhu ne waɗanda addu'ar uba ta mayar bayin 'yan'uwansu. Fatawa, wato amsar da masanin shari'a ke bayarwa kan tambayar da aka yi masa, ba ta da ƙarfin hukuncin alƙali, amma idan ta fito daga bakin malami mai irin wannan matsayi takan zama madogara ga alƙalai da fatake.

Ahmad Baba ya gina amsarsa a kan ƙa'ida ɗaya, wato cewa dalilin bauta a fiƙihu shi ne kafircin da aka kama mutum a kansa a yaƙin da shari'a ta yarda da shi, kuma a wannan babu bambanci tsakanin baƙi da fari, ko tsakanin Bahabashe da Barume da Babarbare na Magrib. Ya bayyana cewa mutanen Borno da Kano da Katsina da Gobir da Songhai da Mali da wani sashe na Zazzau Musulmi ne da suka karɓi addini da kansu tun da daɗewa ba tare da wani ya ci su da yaƙi ba, saboda haka mallakarsu haramun ce. Ya kuma tona asirin yadda irin waɗannan mutane ke faɗawa kasuwa, wato sarakunan Musulmi irin na Kano da na Katsina sukan far wa juna, kowa ya kwashi talakawan ɗan'uwansa ya sayar alhali 'ya'ya ne. Game da wanda ya ce shi ɗa ne ba a kuwa san asalinsa ba, ya bi fatawar Makhluf al-Balbali, wanda ya karantar a Kano da Katsina, da aikin Alƙali Mahmud bin Umar na Tambutu, wanda yakan karɓi maganar mai da'awar 'yanci ya ɗora wa mai saye nauyin kawo hujja. Labarin la'anar Ham kuwa ya ƙi yarda da shi a matsayin dalilin bauta, ya jingina ga bayanin Ibn Haldun cewa launin fata daga yanayin ƙasa da zafin rana yake, ya kuma ɗauko daga rubutun Suyuɗi kan falalar Habashawa.

Wannan matsayi babban abu ne idan aka tuna cewa an rubuta shi a ƙarnin da jiragen Turawa ke ƙara ƙaimi wajen kwasar mutane zuwa nahiyar Amurka, inda launi kaɗai ya zama shaidar bauta. Sai dai adalci ga tarihi ya wajabta a faɗi iyakarsa, domin Ahmad Baba bai soke bauta ba, kuma a ƙarshen risalar ya jero al'ummomin da ya ɗauka ba Musulmi ba ne a zamaninsa, cikinsu har da Mosi da Gurma da Borgu da Dagomba da Yarbawa, ya bar ƙofar mallakarsu a buɗe. Ta haka ya fitar da launi daga ma'auni, amma ya ɗora dukan nauyin 'yancin mutum a kan tambayar ko shi Musulmi ne, kuma duk wanda ya sami ikon amsa wannan tambaya ya sami ikon yanke wa dubban mutane hukuncin zama 'ya'ya ko bayi.

A Maroko ma fatawar ba ta hana masu mulki abin da suka yi niyya ba. Sarki Maulay Isma'il (1672–1727) ya sa aka tattara baƙaƙen ƙasarsa, har da 'yantattu da waɗanda ba a taɓa bautar da su ba, ya kafa da su rundunar da aka kira Bayin Buhari saboda an rantsar da su a kan littafin Sahihul Buhari, kuma malamin Fas Abdussalam Jassus, wanda ya ƙi sa hannu a kan halascin wannan aiki, ya rasa ransa a 1709. Har a ƙarshen ƙarni na 19 masanin tarihin Maroko Ahmad al-Nasiri yana kuka cikin littafinsa al-Istiƙsa cewa jama'a sun ɗauka baƙar fata kaɗai ta isa hujjar bauta, yana kuma tunatar da su cewa asalin ɗan Adam 'yanci ne.

Daga Ɗegel zuwa Sakkwato

A ƙasar Hausa tambayar da Ahmad Baba ya bari ta zama tsakiyar rikicin da ya sauya taswirar yankin. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo (1754–1817) da ƙanensa Abdullahi sun tashi cikin wannan jerin karatu na zaure, har Abdullahi ya rubuta Ida' al-Nusukh domin ya lissafa malaman da ya karanta a wurinsu da littattafan da ya ɗauka daga kowannensu. Ɗaya daga cikin manyan koke-koken jama'ar Shehu shi ne bautar da Musulmi, kuma abin da ya kai al'amura ga rabuwa da Sarkin Gobir Yunfa shi ne harin da aka kai wa mutanen Malam Abdussalami a Gimbana, aka biyo da kamammun ta kusa da Ɗegel, mazaunin Shehu, jama'a suka tare suka kwance su. Hijira zuwa Gudu ta biyo baya a Fabrairun 1804, sai yaƙin Tabkin Kwatto a watan Yuni, sai faɗuwar Alƙalawa, babban birnin Gobir, a 1808.

Hujjojin da Shehu ya kafa sun fito ne daga littattafan da ayari ya kawo da waɗanda malaman yankin suka rubuta. A Siraj al-Ikhwan ya dogara ƙwarai ga amsoshin Magili ga Askiya, a Bayan Wujub al-Hijra kuma, wanda ya kammala a 1806, ya ɗauko rabe-raben ƙasashe na Ahmad Baba, sa'an nan ya ƙara ƙa'idar cewa hukuncin ƙasa yana bin hukuncin sarkinta, ta yadda ƙasar da Ahmad Baba ya lissafa cikin na Musulunci za ta iya fita daga wannan matsayi idan sarkinta ya gauraya addini da tsafi ko ya yaƙi masu kira ga gyara. Da wannan ƙa'ida rukunin da Magili ya kafa domin Songhai ya dawo aiki a Gobir da Katsina da Kano bayan shekara ɗari uku.

Wanda ya ƙalubalanci wannan fahimta da ilimi daidai da nasu shi ne Shehu Muhammad al-Amin al-Kanemi, wanda aka fi sani da Shehu Laminu, bayan da yaƙin ya isa Borno aka ci Birnin Gazargamu a 1808. Cikin wasiƙun da ya aika Sakkwato ya amince cewa akwai zalunci da cin hanci da al'adun da suka saɓa wa shari'a a Borno, amma ya kafe cewa saɓo ba kafirci ba ne, kuma da zai zama haka da Masar da Sham ma sun fita daga Musulunci, ya kuma zargi mayaƙan jihadi da bautar da 'ya'ya da wulaƙanta littattafai. Muhammadu Bello, ɗan Shehu Usmanu, ya amsa cewa laifin Borno shi ne taimakon sarakunan Hausa a kan jama'ar mahaifinsa, ya kuma ba da labarin yadda shi da kansa ya bi warƙoƙin da iska ke watsawa a wani gari da aka ci yana tattarawa. Abin da ya ba wannan muhawara daraja ta musamman shi ne cewa Bello ya kwafe wasiƙun abokin hamayyarsa cikin Infaƙ al-Maisur a 1812, saboda haka hujjar Borno ta iso ga na baya ta hannun wanda aka yi ta dominsa. Haka nan Abdullahi, wanda ya bar rundunar a 1807 da nufin tafiya gabas saboda ganin yadda neman dukiya da ƙwaraƙwarai ya fara rinjayar niyyar wasu, ya tsaya a Kano ya rubuta Diya' al-Hukkam kan tsarin mulki, ya kuma adana sukarsa cikin Tazyin al-Waraƙat.

Daular da aka kafa ta zama gidan littafi irin wanda yankin bai taɓa gani ba, domin Shehu da Abdullahi da Bello sun bar ɗaruruwan rubuce-rubuce, Nana Asma'u 'yar Shehu (1793–1864) kuma ta isar da ilimi ga matan karkara ta hanyar 'yan taru da waƙoƙin ajami na Fulatanci da Hausa. Lokacin da Baturen Ingila Hugh Clapperton ya kawo wa Bello littafin lissafi na Iƙlidis cikin Larabci a ziyararsa ta biyu, Bello ya shaida masa cewa gidansu ya taɓa mallakar kwafinsa kafin gobara ta cinye shi, kuma a Gwandu ne matafiyi Heinrich Barth ya sami kwafin Tarikh al-Sudan a 1853. Amma wannan daula ɗin ce ta cika da rinji, wato ƙauyukan noma na bayi, waɗanda ake cika su da mutanen da aka kamo daga al'ummomin da ba Musulmi ba a kudanci da gefunan daular, har masana tarihi Paul Lovejoy da Jan Hogendorn suka ƙiyasta cewa wajen 1900 bayin da ke cikinta sun kai tsakanin miliyan 1 da miliyan 2.5. Fiƙihu ya buɗe musu ƙofofi irin su fansa da murgu, wato kuɗin da bawa ke biyan ubangidansa domin ya yi aikin kansa, amma iyakar da fatawar 1615 ta shata ita ce ta ci gaba da raba wanda ake karewa da wanda ake farauta.

Littattafan Turawa da dawowar launi

Bayan cin Kano da Sakkwato a 1903, Turawan Ingila sun zo da ra'ayin da ya juya tsohon labarin Ham, domin maimakon a ce zuriyarsa su ne baƙaƙen da aka la'anta, sai marubutansu suka ce Hamawa wasu mutane ne masu hasken fata da suka shigo daga arewa ko gabas suka kawo wa baƙar fata sarauta da wayewa. Wannan ra'ayi ya ratsa littafin Flora Shaw, matar Gwamna Lugga, na 1905, da rubuce-rubucen H. R. Palmer, da littafin C. G. Seligman na 1930 kan jinsunan Afirka, kuma da shi aka fassara jihadin 1804 a matsayin nasarar jinsin Fulani a kan jinsin Hausawa, aka kuma kafa hujjar mulki ta hannun sarakuna a kan cewa wani jinsi ya fi wani iya sarauta. Ta haka muhawarar da masu ita suka yi da harshen imani da adalci da zalunci aka mayar da ita maganar jini da launi, wato ainihin ma'aunin da Ahmad Baba ya ƙi. Su kansu Turawan ba su gaggauta kawar da bautar da suka ce sun zo yaƙa ba, domin sun 'yanta 'ya'yan da aka haifa daga 1 ga Afrilu 1901 ne kawai, ba a kuwa soke bauta gaba ɗaya a Arewacin Nijeriya ba sai a 1936, shekara biyu bayan Abubakar Tafawa Ɓalewa ya fitar da Shaihu Umar, labarin yaron da aka sace aka ratsa Sahara da shi da uwar da ta bi sawunsa.

Gyaran wannan fassara ya zo ne ta komawa ga gafakar malamai. Daga shekarun 1960 masana irin su Abdullahi Smith da John Hunwick da Murray Last, tare da taimakon Wazirin Sakkwato Junaidu wanda ya buɗe musu taskarsa, suka shiga tattara rubuce-rubucen hannu a Ibadan da Zariya da Kaduna, inda aka kafa Gidan Arewa a 1970, Boubou Hama ya yi irin wannan aiki a Yamai, aka kuma buɗe cibiya mai sunan Ahmad Baba a Tambutu a 1973. Yusufu Bala Usman, cikin nazarinsa na tarihin Katsina da aka buga a 1981, ya nuna cewa rarraba mutanen wancan zamani gida biyu bisa ƙabila ba ya bayyana wanda ya goyi bayan jihadi da wanda ya ƙi shi, domin an sami Hausawa da Fulani da Buzaye a kowane ɓangare. Ƙona dubban rubuce-rubuce da 'yan bindiga suka yi a cibiyar Tambutu a Janairun 2013, da yadda iyalan birnin suka fitar da mafi yawan taskokinsu a ɓoye zuwa Bamako, ya nuna cewa har yanzu akwai masu tsoron abin da ke cikin waɗannan warƙoƙi da kuma masu sayar da rai domin tsare su.

Abin da ya kamata mai karatu ya nema

Mai karatun da ke son fahimtar yadda addini da launi da mulki suka cuɗanya a wannan yanki zai fi amfana idan ya bi littattafan bisa jerin da suka amsa wa juna, wato ya fara da amsoshin Magili ga Askiya, ya bi da Mi'raj al-Su'ud wanda Hunwick da Fatima Harrak suka tace suka buga a Rabat a 2000, sa'an nan Bayan Wujub al-Hijra, sa'an nan wasiƙun Shehu Laminu da amsoshin Bello cikin Infaƙ al-Maisur, ya rufe da sukar Abdullahi, domin kowane ɗaya daga cikinsu idan aka karanta shi shi kaɗai yakan zama makami a hannun mai son zuciya. Wanda ya tsaya ga Ahmad Baba kawai zai ɗauka cewa magabata sun gama da matsalar bauta, wanda kuma ya tsaya ga littattafan Turawa zai ɗauka cewa ba su taɓa tunani a kanta ba, alhali gaskiyar ita ce sun yi tunani mai zurfi, sun kai ga ƙin ma'aunin launi tun da wuri, sun kuma tsaya a wata iyaka da ta bar maƙwabtansu cikin haɗari. Faɗin wannan iyaka ba cin mutuncin malamai ba ne, domin gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, kuma su da kansu suka kafa sunnar sukar juna a rubuce da adana hujjar abokin hamayya. A yau da kafirta Musulmi ya sake zama hujjar zubar da jini a yankin tafkin Cadi da Sahel, kuma ake gorin asalin bauta a wajen neman aure da sarauta a wurare da dama, ya wajaba malaman zaure da na jami'a su shigar da waɗannan rubuce-rubuce cikin jerin da suke zaɓa wa ɗalibansu, su kuma fassara su cikin Hausa mai sauƙi tare da sharhi, domin jikokin waɗanda aka kare da na waɗanda aka bari su karanta hujjojin da aka yanke wa kakanninsu hukunci da su.